Harawa a Kan Gareji

Ƙarfe tara da minti ashirin na safe, ranar Talata, mu uku ne a cikin garejin gidana a Birnin Kudu: ni, da uwargidana, da mai haɗa sola wanda ya zo daga Gwaram. Na san lokacin daidai domin na duba agogo sa'ad da ya ajiye jakar kayan aikinsa. Ƙarfe tara ya ce zai zo. Na riƙe minti ashirin ɗin nan a raina, kuma daga nan na fara sa masa ido.

Bari in faɗi yadda aka yi, bi da bi. Aikin sito na yi har na yi ritaya, sannan na koma noma. Gonata tana wajen Sundimina. Da man fetur ya gagari mutane, babban ɗana da ke Kano ya aiko mini da babur mai aiki da lantarki, wanda ba ya shan mai, sai dai a sa masa caji kamar waya. Wutar gari kuwa a unguwarmu ba a san ranar zuwanta ba, balle ranar tafiyarta. Saboda haka aka yanke shawarar a sa sola a gareji. Garejin babu mota a ciki tun da na sayar da tawa. Ginin bulo ne, an zuba masa kankare a sama, an kewaye saman da ɗan bango mai tsawon gwiwa. Ƙanin uwargidana, wanda ke zaune a Gwaram, shi ya turo mutumin, ya ce shi ya yi wa masallacin unguwarsu aiki.

Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, mai yawan dariya. Ni kuwa ban cika yarda da mai yawan dariya a bakin aiki ba. Kafin ya kwance jakarsa na ba shi sharuɗɗa uku. Na farko, ba zai huda bango ba sai ina tsaye. Na biyu, duk abin da zai ɗaura sai ya faɗa mini sunansa da aikinsa. Na uku, ba za a jefar da kwali ko ɗaya ba.

Ya dube ni ya ce, "Baba, soja ka yi ne?"

Na ce, "Sito na yi."

"Ai gara soja," in ji shi.

Uwargida ta yi dariya ta ce, "Ka yi haƙuri da shi. Allurar ɗinkina ma ya san inda take kwana."

Ban yi dariya ba. Na ɗauko littafi da biro na tsaya.

Ya fara da sa ni fitar da tsohuwar jarkar fetur da buhunan da ke jikin bango. Ya kafa katako sama da ƙasa, ya ɗora batura biyu a kai. Ya ɗaura wani akwati a bango, ya ce inbata ke nan, ita ke mai da wutar rana ta zama irin wadda babur zai sha. Ya sa abin da ke yanke wuta idan ta yi yawa, ya sa soket ɗaya a gefen ƙofa, daidai inda nake jingine babur. Duk na rubuta. Faifan sola huɗu kuma ya hau da su sama shi kaɗai, ɗaya bayan ɗaya. Ban bi shi ba, domin gwiwata ta hagu ta daina yarda da tsani tun shekara biyar da suka wuce. Wannan ya dame ni, don akwai sashen aikin da idona bai gani ba.

Wajen ƙarfe ɗaya sai ya leƙa cikin gida ya ce, "Hajiya, a taimaka mini da gishiri kwano ɗaya da gawayi rabin buhu."

Ta ce, "Miya za ka yi mana ko gashi?"

Ya haƙa rami a bayan gareji, ya kafa wata sandar jan ƙarfe, ya zuba gawayi, ya zuba gishiri, ya kwara ruwa, ya binne. Ina tsaye a kansa. A rayuwata na ga an binne abubuwa a jikin gidajen mutane, kuma ban taɓa ganin an binne don alheri ba.

Na ce, "Malam, wannan fa?"

"Baba, hanya ce. In wuta ta ɓace, ta nan za ta bi ta shige ƙasa, maimakon ta bi ta jikinka."

"Wuta tana cin gishiri?"

"Ƙasar ce ke ci, don ta riƙe danshi. Kada ka ji komai, ban karanta komai a kai ba."

Na rubuta yadda ya faɗa, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Da ya gama ya ba ni ƙa'idoji huɗu, na rubuta su da lamba: kada a rufe tagar gareji, kada a jona dutsen guga, kada a zuba ruwa kusa da batura, kada a ja wayar caja da ƙarfi. Sannan ya koma sama ya ɗauko guduma da ya manta. Yana saukowa daga tsani ya faɗi wata magana. Ni kuwa ina sunkuye ina ƙirga kwalaye, domin ɗaya ya ɓace mini. Na ce masa to, ban ɗago ba. Kwalin yana bayan ƙofa.

Sati shida aikin bai ba ni abin cewa ba. In na dawo daga gona bayan azahar sai in jona babur, kafin magariba ya cika. Akwai sanduna biyar a fuskar babur ɗin masu nuna caji, kuma kullum biyar nake gani. Kowace rana ina rubuta lokacin da na jona, da lokacin da na cire, da sanda nawa. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Na sani daga sito cewa kayan banza ma yakan yi wata ɗaya yana aiki.

Sai kaka ta zo. Ina da wani dattijo mai kula mini da gona, shekararmu ashirin da biyu tare. Kowace shekara nakan zaunar da shi a ƙofar gida in karanta masa jerin aiki, kuma jerin ba ya canjawa: gero zuwa rumbu, gyaɗa zuwa ɗakin baya, wake a buhu, harawa kan gareji. Harawa kan gareji take zama tun ranar da aka gina shi, domin a can akuya ba ta kai mata, gara ba ta kai mata, kuma da ita nake riƙe tumakina har damina. Bana ma haka na karanta masa, kalma bayan kalma. A satin da aka kwaso ta na tafi Gwaram ta'aziyya a motar haya, na kwana biyu. Da na dawo na ɗaga kai na ga damman harawa a jere a sama kamar kowace shekara. Na ƙirga waɗanda nake iya gani daga ƙasa, na ji daɗi, na shiga gida.

Kwana biyu bayan haka babur ya tsaya a sanda uku. Washegari uku. Ranar da ta biyo baya biyu. Inbata ta fara wani ƙara tun kafin la'asar, sannan ta ɗauke. Ranar Asabar ina dawowa daga Sundimina babur ya mutu mini a hanya, na sauka ina tura shi cikin rana. 'Yan acaɓa biyu suka rage gudu.

Ɗaya ya ce, "Baba, a kawo maka cajar waya?"

Ɗayan ya ce, "A'a, bar shi, kati ne ya ƙare masa."

Na ci gaba da turawa. Amma da na isa gida na buɗe sabon shafi, na rubuta waɗanda nake zargi.

Na farko, cikin gida. Na tambayi uwargida ko tana jona wani abu in na fita. Ta ce tun da aka sa abin nan ba ta taɓa shiga garejin ba sai don ta share, kuma ko sharar ma da izini. Ban tsaya a maganarta ba. Na sa kwaɗo a ƙofar, na riƙe makulli a aljihuna kwana uku. Sanda biyu dai.

Na biyu, maƙwabcina, wanda katangarmu ɗaya, kuma yana da ɗan shagon cajin waya. Na bi wayar da ta sauko daga sama da yatsana, tun daga inda hannuna ya kai har cikin inbata, ina neman inda aka fasa aka ja wata. Na je shagonsa na zauna kamar gaisuwa ta kai ni, ina bin wayoyinsa da ido. Janaretansa yana ta ƙugi a waje. Na tashi na soke sunansa.

Saura na uku, mai haɗa sola. Na zauna na haɗa hujjoji. Ya makara da minti ashirin. Ya yi wani aiki a inda ban gani ba. Ya binne abu a bayan ginina. Kuma na san wata dabara tun ina sito: a kawo kwali sabo, kayan ciki tsoho, an goge an fesa fenti. Na yanke cewa tsofaffin batura ya sa mini, sababbin kuma ya kai wani wuri. Na ɗauki fartanya na tone ramin bayan gareji. Na tarar da sandar da gawayi, gishiri kuwa babu ko ƙwaya. Maimakon in tuna cewa ruwa ya kwara a kai, sai na ƙara wannan ma cikin hujja.

Na kira shi a waya.

Ya ce, "Subhanallahi. Baba, an taɓa wani abu ne?"

"Ba a taɓa komai ba. Makulli yana hannuna."

"A sama fa? Akwai abin da ya canja?"

"Babu abin da ya canja a gidan nan shekara ashirin."

Har ga Allah, a lokacin gaskiya nake ganin na faɗa.

Ya ce, "To bari in zo gobe da safe in duba."

Na ce, "Kada ka zo."

Lissafina shi ne, in ya shigo zai musanya wani abu a ɓoye, ya shafe sawunsa, ya ce ya gyara. Ya sake kira sau uku a satin nan, ban ɗauka ba. Ya zo da kansa ranar Alhamis, na aika aka ce masa ba na ganin kowa.

Daga nan na fara magana. Na faɗa a majalisarmu ta bayan la'asar. Na faɗa wa biyu daga cikin abokan aikina na da. Mafi muni, na faɗa a kasuwar Sara, a rumfar ƙanin uwargidana, a gaban mutum shida. Na buɗe littafi na nuna musu shafi bayan shafi, biyar, biyar, biyar, sannan uku, sannan biyu. A cikinsu akwai wani malami mai makarantar Islamiyya, wanda ashe sun riga sun yi magana da mutumin zai sa musu sola a ajujuwa da rijiyar burtsatse. Malamin ya karɓi littafin ya duba, ya ce, "Alhaji, kai ba ka ƙari a magana. Allah Ya saka da alheri da ka faɗa." An san ni da haka, kuma shi ya sa aka yarda. Aka janye aikin. Na ji labari bayan kwana goma cewa wasu gidaje biyu a Gwaram ma sun fasa. Na ce alhaki ne.

Uwargida ce kaɗai ta tsaya mini. Ta ce, "Malam, mutumin nan yana da iyali. Ka tabbata?"

Na ce, "Ga littafi."

Ta ce, "Littafin ya gaya maka wuta ta ragu. Bai gaya maka wanda ya rage ta ba."

Na ce mata ta bar maganar maza.

Haka aka yi sati bakwai. Babur yana jingine, ina zuwa gona a motar haya. A ƙa'idata ba a taɓa harawa sai ciyawar daji ta ƙare sarai, amma wata tunkiyata ta haifi tagwaye ta rame, uwargida ta matsa a sauko mata da dami biyu. Ranar Laraba, ƙarfe goma saura kwata, mai kula da gonata ya zo ya kafa tsani ya hau. Ina ƙasa ina jiran in karɓa.

Ya jefo na farko, ya jefo na biyu, sannan ya leƙo ta kan bangon yana murmushi ya ce, "Alhaji, gilasan nan naka dai lafiya lau suke. Ko ƙwarzane babu."

Na ce, "Waɗanne gilasai?"

"Waɗanda ke nan sama mana. A hankali na jera musu damman a kai, ban jefa ba. Ɗaya ne da rabi harawar ba ta kai ta rufe ba, su kaɗai rana ke duka."

Na ajiye damin da ke hannuna. Na kama tsani na hau, gwiwata tana ƙara, uwargida tana salati a baya. Da kaina ya wuce bangon na ga abin da idona ke kallo daga ƙasa kullum har sati bakwai. Harawa tuli guda, an jera ta da kyau, yadda nake so a jera abu, a kan faifan sola. Ɗaya da rabi ne kawai suke ƙyalli.

Na ce masa, "Da ka ga gilashi, me ya hana ka tambaye ni?"

Ya cire hularsa ya sosa kai. "Alhaji, shekara ashirin da biyu, yaushe ka taɓa son tambaya? Ka ce harawa kan gareji. Na ce ai kai ka sa gilasan, ka san da su."

Na sunkuya na ɗauki dami. Muka kwashe harawar gaba ɗaya zuwa kan rumfar tumaki, ya share faifan da tsumma. Da na sauko uwargida ta ce, "Ai mai haɗa solar ya faɗa maka. Yana kan tsanin nan ya ce sama ta zama ta rana, kada a ɗora komai. Ka ce to."

"Me ya sa ba ki tuna mini ba?"

"Ni ban san a kansu aka ɗora ba. Kuma ka ce in bar maganar maza."

Na buɗe littafi na duba. Ƙa'idoji huɗu ne a rubuce. Ta biyar ba ta shiga ba, domin ina neman kwali.

Washegari na jona babur bayan azahar. Ƙarfe biyar da rabi sanda biyar. Na sake gwadawa kwana biyu don in tabbata, domin har a lokacin akwai sauran zargi a raina. Biyar, biyar.

Ranar Litinin na hau babur ɗin zuwa Gwaram. Na isa shagon mai haɗa solar ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma da sanda ɗaya, ma'ana ba zan iya komawa gida ba sai ya ba ni wuta. Na tarar da shi zaune a kan benci yana gyaran tocila, babu kowa a shagon. Ya miƙe ya gaishe ni yadda ya kamata, amma bai yi dariya ba.

Na faɗa masa komai a jere, tun daga minti ashirin har zuwa harawa. Ban rage ramin da na tone ba. Da na kai kan harawa sai ya rufe fuskarsa da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce.

Ya ce, "Baba, tumaki ka ciyar da wutata?"

Na ce, "Na zo neman gafara ne. Sannan ina roƙon ka jona mini babur."

Ya jona. Muka zauna muna kallonsa. Can ya ce, "Ni na yafe, duniya da lahira. Da ka bar ni na shigo ranar Alhamis ɗin nan, ko takalmi ba zan cire ba zan gani. Amma waɗanda suka ji maganar ba sa nan, Baba. Wata biyu ke nan tocila nake gyarawa."

A satin ya zo ya sake binne sandar da sabon gishiri. Wannan karon ni na riƙe masa kwanon.

Na rubuta sunayen duk waɗanda na faɗa wa da bakina, suka kama mutum goma sha huɗu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da littafin, na nuna musu sabon shafi. Malamin Islamiyya ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya riga ya ba wani aikin ajujuwa, amma na rijiyar yana nan, zai kira shi. Da na soke suna na goma sha huɗu na ɗauka na gama.

Bayan wata ɗaya ina wurin wani ɗaurin aure a Dingaya, wani mutum da ban taɓa gani ba ya tsaya yana duba babur ɗina. Ya tambaye ni yadda ake cajinsa, na yi masa bayani. Sai ya matso ya rage murya ya ce, "In za ka ƙara sola, ka kiyayi wani ɗan Gwaram. Ya cuci wani dattijo a Birnin Kudu, ya sa masa matattun batura, har da asiri ya binne masa a bayan gida." Na ce masa ni ne dattijon. Na yi masa bayani tun daga farko. Ya gyaɗa kai, amma na ga alamar labarin farko ya fi masa daɗi. Na tambaye shi wa ya gaya masa, ya ambaci wani wanda ba ya cikin goma sha huɗun nan.

Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Na so in sa sunan mutumin, shi ya hana, ya ce ba ya son a sake haɗa sunansa da zancen batura, ko da don a wanke shi ne. Amma duk wanda labarin ya kai wa ya san wanda ake nufi.

Saboda haka, kai mai karatu, ina roƙonka abu biyu. Na farko, in ka taɓa jin cewa wani mai haɗa sola daga Gwaram ya cuci wani tsohon ma'aikacin sito a Birnin Kudu, ka sani ba haka ba ne, harawata ce, kuma da bakina na ce a ɗora ta. Na biyu, ka koma wurin wanda ya gaya maka, da duk wanda kai ka gaya wa, ka faɗa musu haka yadda na faɗa maka, kada ka rage komai.